YADDA AKE SHIRYA DAƁEN SIMINTI KAFIN A SHIMFIƊA TAYIL NA ROBA

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da Malaman ofisoshinsu, musamman na ƙasar Tarauni. Daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku da Darmanawa gine-gine sun yawaita, kuma sau da yawa Hakimi ne ake nema ya sa ido a kan aikin makarantar Islamiyya, ko ɗakin shan magani, ko ofis. Dukiyar jama'a amana ce. In aka shimfiɗa tayil a kan daɓen da ba a gyara ba, kafin damina biyu sai ya ɗaɗɗago, kuɗi su tafi a banza.

Iyayenmu mata sun san wannan tun da can. Ba sa yayyafa makuba sai sun daɓe ƙasa da madaɓi ta yi sumul. To, tayil na roba haka yake. Kaurinsa bai wuce milimita 2 ko 3 ba, saboda haka kowane tudu da kwari da ke ƙarƙashinsa sai ya bayyana a sama. Ƙwayar tsakuwa guda ta isa ta huda shi in ana takawa.

1. Laima

Babu abokin gāban tayil kamar laima. Siminti yana shan ruwa daga ƙasa, ruwan ya hau da gishirin simintin, ya kashe ƙarfin gam. Don haka lalle ne tun wajen zuba kankare a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa.

Kankare yakan yi ƙarfi cikin kwana 28, amma ƙarfi dabam, bushewa dabam. Lissafin magina shi ne wata guda ga kowane inci guda na kauri. Watau kankare mai inci 4 yana bukatar kamar wata 4. Iskar hunturu takan busar da fuskar daɓe ta bar ruwa a ciki, kada wannan ya ruɗi kowa.

Ga hanyar gwaji mai sauƙi. A yanko farar leda mai inci 18 tsawo da fāɗi, a shimfiɗa ta a ƙasa, a liƙe gefunanta duka, a bar ta kwana biyu. In aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu, daɓe bai bushe ba, sai a dakata. A yi gwajin a wurare da yawa, har da gindin bango. Tsohon gini kuwa, an fi gane halinsa a watan Agusta, sa'ad da ruwa ya fi sauka a Kano.

2. Tsabta

A kankare busasshen siminti da fenti da mai da tsohon gam. A share, a kuma sharewa, gama gam ba ya kama ƙura. A bi daɓen ana ƙwanƙwasawa da guduma. Inda aka ji amo kamar na ganga, wurin ya rabu da kankaren ƙasa, sai a fasa a sāke.

3. Daidaitawa

A sami miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2, a riƙa azawa a ƙasa ta kowace fuska. In ratar da ke ƙarƙashinsa ta wuce milimita 3, wurin yana son gyara. A sassaƙe tudu, a cike rami da tsaga.

In daɓen ya yi kaushi ƙwarai, gara a yi masa sabon shafe gaba ɗaya: kwanon siminti 1, kwanon yashi mai tsabta 3, kauri kada ya gaza inci guda. A jiƙa ƙasa, a shafa kunun siminti, sa'an nan a zuba tun kunun yana ɗanye, a goge da cokalin magini. A riƙa ba shi ruwa kwana 7 don kada ya tsattsage, bayan haka a jira ya bushe, a maimaita gwajin leda. Akwai kuma wani garin siminti na musamman da ake damawa a kwarara, ya baje da kansa. Yana da tsada, amma yana rage jira. Sai a bi ka'idar da aka rubuta a jikin buhunsa.

4. Gargaɗi game da tsohon tayil

Yawancin tayil na roba da aka yi daga wajen 1950 zuwa 1980, musamman mai inci 9, an haɗa shi da wani ma'adini da ake kira asbesto, haka ma baƙin gam ɗinsa. Ƙurarsa tana kawo mugun ciwon huhu bayan shekaru masu yawa. Kada a goge shi da inji, kada a farfasa shi a bushe. A nemi shawarar ma'aikatan lafiya tukuna.

5. Aikin Malami

Malamin ofis ya rubuta a littafi ranar da aka zuba kankare, da ranar shafe, da ranar gwajin leda da abin da aka gani. A ajiye tayil cikin ɗakin kwana 2 kafin a liƙa, don ya saba da zafin wurin. Kada Hakimi ya yarda a biya ɗan kwangila sai an duba waɗannan duka. In ɗan kwangila ya matsa a yi sauri, a tuna masa cewa sauri ya haifi nawa.

Ana roƙon Hakimai su karanta wa Dagatai da Masu Unguwanni wannan takarda, su kuma su sanar da magina da ke ƙasarsu.