Kwamfutar Ofis da Ake Haya ta Intanet

Wannan nau'in kwamfuta ba ta zama a kan teburin ma'aikaci. Tana aiki ne a cikin manyan na'urori da ke cibiyoyin adana bayanai na kamfanoni irin su Amazon da Microsoft, shi kuma ma'aikaci yana shiga daga gida da sunansa da kalmar sirri. Hoton allon kawai ke iso masa, abin da ya buga kuma ya koma can. Amazon ya fara sayar da irin wannan hidima mai suna WorkSpaces a 2014, Microsoft ya fito da Windows 365 a 2021, bayan annobar korona ta zaunar da ɗimbin ma'aikata a gida.

Babbar fa'idar ita ce tsaro. Takardun kamfani ba sa sauka cikin laftof ɗin ma'aikaci, saboda haka ko an fasa mota an sace laftof ɗin, ɓarawo ƙarfe kawai ya samu. In mutum ya bar aiki, rufe asusunsa ya wadatar. Sabon ma'aikaci kuwa ana iya buɗe masa tasa kwamfutar a rana guda da duk manhajojin da yake buƙata, kuma ko tsohuwar kwamfuta ta ishe shi, tunda nauyin aikin yana can cibiyar.

Sai dai kuɗin hayar wata-wata yakan taru, musamman in an bar kwamfutocin da babu mai amfani da su a kunne. Tsarin kuma ya dogara kacokan kan intanet. Inda layi ke yawan yankewa, aiki yakan tsaya cik.