Muƙamuƙi da Ƙwayar Ɓawon Ƙaguwa

Ɗora yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki a hankali. Ɗan ƙullutun da ka ji ya zamo gaba, kan ƙashin muƙamuƙi ne. Gaɓar nan tana buɗewa kamar ƙyaure, tana kuma zamewa, kuma ta dama ba ta motsi sai da ta hagu, tunda ƙashi guda suka tallafa. Lafiyayyen baki yana cin yatsu uku a jere.

Kunne da muƙamuƙi dangin juna ne. Tun ɗa yana ciki, biyu daga ƙananan ƙasusuwan kunne uku suna fitowa ne daga guringuntsin da muƙamuƙi ke ginuwa a jikinsa. Bajamushe Karl Reichert ya gano haka a 1837. A 1934 kuwa likitan kunne James Costen na Amurka ya yi bayanin masu kukan kunne alhali laifin na muƙamuƙi ne. Har yau wasu na ɗiga maganin kunne a banza.

Idan gaɓar ta fara cinyewa, sai a ji ƙuras-ƙuras wajen tauna, kamar an zuba yashi a ciki. Nan ake garzayawa kemis neman gulukosamin. Da me ake yin sa? Galibi da ɓawon ƙaguwa da jatan lande, kuma tun 1876 Georg Ledderhose ya fara tace shi. Abokin tafiyarsa kondiroitin kuwa daga guringuntsin saniya ake samo shi, ko kifin shak, ko alade. Wannan kaɗai ya isa Musulmi ya karanta jikin kwalba kafin ya biya. Dawaki da karnuka ma ana ba su.

Gulukosamin yana aiki? A 2006 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka kan mutum 1,583 masu ciwon gwiwa. Abin mamaki, kusan shida cikin goma na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki sun ce sun ji sauƙi, kuma gulukosamin bai yi mata fintinkau ba. Na muƙamuƙi kuwa gwaje-gwajen ƙanana ne: na Kanada a 2001 ya ga yana rage zafi kamar ibufurofen, na Suwidin a 2011 bai ga bambancinsa da ƙwayar banza ba. Rage zafi daban, hana ƙashi cinyewa daban, kuma na biyun ba a tabbatar da shi ba. Guringuntsin muƙamuƙi ma ba irin na gwiwa ba ne, nasa mai zare-zare ne. Yana min ciwo in ga tsohuwa ta ƙulle kuɗin cefane a bakin zane don wannan kwalba. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, kada ya taɓa gulukosamin sai da sanin likita.

Haƙoran sama da na ƙasa bai kamata su haɗu ba in ana zaune kawai. Leɓe a rufe, haƙora a ware. Mai ciwon muƙamuƙi ya ɗaga wa cingam da kilishi da rake ƙafa, ya riƙa gashi da tsumma mai ɗumi.

Hamma kaɗai tana iya goce muƙamuƙi, baki ya ƙi rufuwa. Likita sai ya naɗe manyan yatsunsa da bandeji, ya ɗora kan turamen ƙasa, ya danna ƙasa sannan baya. Dabarar tana cikin littattafan Hifokiratis, likitan Girka, tun fiye da shekara 2,000.