Maganin Rage Ƙiba ga Wanda Ya Tashi daga Bugun Zuciya

An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu, su karanta, su kuma fahimtar da dagatai da masu unguwa, don kada mutumin da Allah ya tashi kafaɗarsa ya koma ya halaka kansa da maganin kasuwa.

Abin da a ke kira bugun zuciya shi ne jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini ta toshe, har wani sashe na naman ya mutu. Wanda abin ya taɓa samu yana cikin hatsarin ya sake samunsa. Teɓa kuwa tana ƙara hatsarin, gama tana jawo hawan jini da ciwon sukari. Saboda haka rage ƙiba alheri ne gare shi, amma ba kowane magani ya ke kai mutum ga wannan alheri ba.

Magungunan da aka hana

Cikin 1997 aka janye wani magani mai suna fenfluramine daga kasuwar Amurka, domin yana lalata ƙofofin cikin zuciya. Cikin 2010 aka janye sibutramine a Amurka da Turai, bayan an ga yana ƙara wa masu ciwon zuciya bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk da haka an sha kama shi ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin ramewa waɗanda a ke tallarsu da sunan maganin ganye.

Maganin da aka gwada

Semaglutide magani ne na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, ana sayar da shi da sunan Wegovy. Allura ce a ƙarƙashin fata, sau ɗaya a mako. Yana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, sai mutum ya ƙoshi da kaɗan.

An gwada shi kan mutum 17,604 a ƙasashe 41, aka bayyana sakamako cikin 2023. Dukansu 'yan shekara 45 ne ko fiye, masu ƙiba, marasa ciwon sukari, yawancinsu kuma sun taɓa bugun zuciya. Rabi aka yi musu allurar, rabi aka yi musu wadda ba magani a ciki, aka bi su shekara 3 da 'yan watanni. Cikin kowane 1,000 na waɗanda ba su sami maganin ba, 80 suka gamu da bugun zuciya, ko shanyewar jiki, ko mutuwa ta dalilin zuciya. Cikin waɗanda suka samu kuwa, 65 ne. Watau hatsarin ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar. A kan wannan hujja hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi ga irin waɗannan majinyata cikin Maris 2024.

Illarsa

Yakan jawo tashin zuciya, da amai, da zawo, har kusan mutum 17 cikin 100 suka bar shi saboda wahala. Ba a yi wa mai ciki, ko wanda danginsa ke da wani irin ciwon daji na maƙoshi. In an daina, galibin ƙibar takan dawo. Yana da tsada ƙwarai, shi ya sa mayaudara ke yin jabunsa. Cikin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan na jabu da aka kama a Barazil da Ingila da Amurka.

Abin da a ke bukata ga hakimai

Na ɗaya, a gargaɗi jama'a, wanda ya taɓa bugun zuciya kada ya sha kome don ramewa sai da iznin likitansa. Na biyu, a faɗa musu waɗanda aka yi gwajin a kansu ba su bar magungunansu na zuciya da na hawan jini ba, don haka kada kowa ya bari. Barin taba, da rage mai da gishiri, da tafiya a ƙasa kullum, duk suna nan wajibi. Na uku, in an ga mai tallan maganin ramewa maras lambar NAFDAC, malamin hakimi ya rubuta rahoto, a aika wa hukumar ba da jinkiri ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.