Idon Baƙo da Mutumin Amurka

Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Kusan shekara 200 ke nan baƙi suna zuwa Amurka, suna komawa gida da hukunci a kan mutanenta, kuma da wuya bakinsu ya zo ɗaya.

A 1831 Bafaranshe Alexis de Tocqueville ya yi wata 9 yana zagaya ƙasar. Abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne yadda jama'a ke kafa ƙungiyoyi, su gina makaranta ko asibiti ba tare da jiran hukuma ba. Frances Trollope, 'yar Ingila da ta zauna a Cincinnati, ta fitar da littafinta a 1832. Ita kuwa tofar da yawun taba ta gani, da 'yan aikin gida masu jin kansu daidai da uwar gida. Sayyid Qutb na Masar, wanda ya zauna can daga 1948 zuwa 1950, ya koma yana kuka da son abin duniya da wariyar launin fata.

Kowannensu ya ga wani yanki na gaskiya, amma da mudun garinsu ya auna. A Faransa komai daga Paris yake fitowa, a Ingila kuwa kowa ya san matsayinsa.

A matsayina na malamin harshe, na fi ganin wannan makanta a wajen gaisuwa. Ɗalibanmu da likitocinmu da ke zuwa can sukan ce mutumin Amurka zai tambaye ka yaya kake, ya wuce bai ji amsa ba, don haka fara'arsa ta fatar baki ce. Tun 1923 masani Bronislaw Malinowski ya nuna cewa irin wannan magana aikinta sada zumunci, ba neman labari ba. Mu ma ai "lafiya lau" muke amsawa ko da zazzaɓi muka kwana; tsawon gaisuwar ne kawai ya bambanta. Haka nan ɗalibin da ya kira malaminsa da sunan yanka yakan girgiza Bahaushe, wanda a gidansu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. A can kusanci ake nufi, ba raini ba.

Ba cewa nake yi Amurka ba ta da aibi ba. Wariyar da Qutb ya gani gaskiya ce. Amma wanda ya kasa rarrabe aibi da al'ada zai yi fushi inda babu laifi, ya rasa abokai da damar da ta kai shi. Kuma mu da ke jin zafi idan Bature ya yi mako 2 a otal a Abuja ya rubuta littafi a kan halin Bahaushe, ya kamata mu fi kowa jinkirin yanke hukunci.