Sauri da Yawan Shaidu a Tsarin Bulokcen

Gabatarwa

Duk wanda ya san kasuwar Haɗejiya ko ta Gujungu a lokacin kakar shinkafa da riɗi ya san cewa babban ciniki ba ya faɗawa sai a gaban shaidu. In shaidu suka yi yawa ciniki yakan ɗauki lokaci, amma da wuya wani ya tashe shi daga baya. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan ka'ida ce ke bambanta hanyoyin bulokcen wajen sauri.

Ma'anar Bulokcen

Bulokcen littafin lissafi ne wanda kwafinsa ke hannun kwamfutoci masu yawa a ƙasashe daban-daban. Akan tara cinikayya a shafi guda, shaidu su amince da shi, sa'an nan a ƙulla shi da shafin da ya gabace shi tamkar zoben sarƙa.

Awon Sauri

Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, yakan rufe shafi ɗaya cikin kimanin minti 10, ba ya kuma ɗaukar fiye da ciniki 7 ko makamancin haka a daƙiƙa guda. Bisa al'ada akan jira shafi 6, wato wajen sa'a ɗaya, kafin a saki babban kaya. To amma kowa na da damar zama shaida.

Ethereum ya fito a 2015. Tun da ya sake tsarin shaidarsa a Satumbar 2022, yakan rufe shafi duk daƙiƙa 12, ciniki kuwa ya tabbata ba tashi cikin kimanin minti 13.

Tron yana rufe shafi duk daƙiƙa 3, sai dai wakilai 27 kaɗai ke da ikon rubuta shi. Solana kuwa, wadda ke iya ɗaukar dubban ciniki a daƙiƙa, ta tsaya cik har kimanin sa'a 17 a Satumbar 2021.

A nan gida, Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da eNaira ranar 25 ga Oktoba, 2021, a kan Hyperledger Fabric. A wannan tsari ba kowa ke shiga sahun shaidu ba, domin ragamar littafin tana hannun bankin ne.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata mai karatu zai lura cewa galibi da rage shaidu ake sayen sauri. Saboda haka bai kamata ɗan kasuwar da zai sallama buhunan riɗinsa ya ruɗu da alƙaluman sauri ba. Abin da zai tambaya uku ne: su wa ke shaidar cinikin, yaushe zai tabbata har ba mai iya tashinsa, kuma nawa ce la'ada? Idan kuɗin da ya gani a waya bai kai ga tabbata ba, motar kaya kuwa ta riga ta kama hanyar Kano, asarar tasa ce shi kaɗai.