Intanet Maras Waya a Otal: Yadda Take Aiki da Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Kiyaye

1.0 Gabatarwa

A zamanin fatauci, idan ayari ya isa zango, abin da madugu yakan fara bincikawa shi ne ruwa da abincin dabbobi da kuma amincin wurin. Matafiyin yau kuwa, tun bai ajiye jakarsa ba, abin da yakan fara tambayar ma'aikacin otal shi ne kalmar sirrin Wi-Fi. Na tabbata da yawa daga cikin mahalarta wannan taro sun yi irin wannan tambaya a masaukansu, ko dai don su aika da gyararriyar takardarsu, ko su duba aikin ɗalibai, ko kuma su tura wa iyali kuɗin cefane.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin yadda intanet maras waya ta otal take aiki. Za a nuna cewa abu ne na tarayya, kamar rijiyar unguwa, kuma daga wannan tarayya ne manyan matsalolinta guda biyu suka samo asali, watau nauyin tafiya da rashin sirri. Daga nan sai a kawo shawarwari ga matafiyi da kuma masu shirya tarurruka irin wannan.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tunanin haɗa kwamfutoci ta hanyar rediyo ya girmi Wi-Fi. A shekarar 1971, Farfesa Norman Abramson da abokan aikinsa na Jami'ar Hawayi, a Amurka, suka ƙaddamar da wani tsari mai suna ALOHAnet, wanda ya haɗa kwamfutocin da ke tsibirai dabam-dabam a kan zangon rediyo na tarayya. A 1985 hukumar kula da sadarwa ta Amurka, watau FCC, ta buɗe waɗansu zangunan rediyo don kowa ya yi amfani da su ba tare da lasin ba. A 1997 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar da ake kira 802.11, wadda saurinta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. Bayan shekara biyu, watau a 1999, aka kyautata ta zuwa megabit 11, kuma a wannan shekara ce aka raɗa mata sunan kasuwa na Wi-Fi.

Abin lura a nan shi ne, tun daga tushe an gina wannan fasaha ne a kan fili wanda ba na kowa ba, kuma na kowa da kowa. Wannan shi ya sa ta yi araha har ta bazu, shi ne kuma ya jawo mata cunkoso.

3.0 Yadda Take Aiki

Saƙon da baƙo ya aika daga ɗakinsa yakan ratsa gaɓa uku kafin ya fita duniya.

Gaɓa ta farko ita ce tsakanin wayar baƙo ko kwamfutarsa da ɗan akwatin nan da akan maƙala a silin ko a bangon baranda, wanda za mu kira tashar rarrabawa. Wannan gaɓa kaɗai ce maras waya, kuma tsawonta bai fi 'yan mitoci ba. Gaɓa ta biyu ita ce wayoyin da suka tattaro dukkan tashoshin ginin zuwa babbar na'ura guda, wadda galibi takan kasance a wani ɗaki kusa da ofis. Gaɓa ta uku kuwa ita ce layin da otal ya saya daga kamfanin sadarwa, wanda ke sada shi da sauran duniya.

A tsakanin gaɓa ta biyu da ta uku akwai wani shafi da yakan tare baƙo ya nemi lambar ɗakinsa da sunansa, ko wata lamba da aka ba shi a takarda. Ana iya kiran wannan shafi zaure, domin aikinsa ke nan: a nan ake yin sallama kafin a yi wa mutum iso. To, amma ya kamata a fahimci cewa aikin zaure shi ne tantance mai shiga da ƙididdige abin da ya ci. Ba ya ɓoye maganar kowa daga kunnen kowa. Za mu sake komowa kan wannan batu a gaba.

4.0 Dalilan Nauyin Tafiya

Na taɓa sauka a wani otal don halartar taro, na kwashe fiye da awa guda bayan sallar isha'i ina ƙoƙarin aika takarda mai shafi goma sha biyu, abin ya faskara, alhali kuwa alamar da ke goshin kwamfutar tana nuna ƙarfi ya cika. Da asuba na sake gwadawa, kafin in ƙifta ido ta wuce. Bayanin wannan yana cikin gaɓoɓin nan uku. Alamar da muke gani ba ta auna kome sai gaɓa ta farko kurum, watau kusancinmu da tashar rarrabawa. Ba ta san abin da gaɓa ta uku take ciki ba.

Bari mu ƙaddara, alal misali, otal ya sayi layi mai megabit 100 a daƙiƙa. Da rana, sa'ad da baƙi suka fita harkokinsu, mutum biyar da suka rage kowa zai sami megabit 20. Da dare kuwa, idan na'urori 80 suka hau a lokaci guda, rabon kowace bai fi megabit ɗaya da kwata ba, ga shi kuwa hira ta hoto mai motsi takan buƙaci tsakanin megabit 1 zuwa 4 kafin ta tafi sumul. Idan kuma ba a ƙayyade wa kowa iyakar rabonsa ba, mutum biyu ko uku masu sauke finafinai sun isa su ƙwace rabon sauran.

Dalili na biyu yana cikin iskar kanta. Na'urorin da ke kan zango guda ba sa magana a lokaci ɗaya. Kowace takan saurara tukuna, idan ta ji shiru sa'an nan ta yi tata, kamar yadda ake yi a majalisar dattawa. Yawan masu jiran layi, yawan jinkiri. Zangon gigahaz 2.4, wanda kusan kowace na'ura take iya kamawa, hanyoyi uku kawai yake da su waɗanda ba sa hawan juna, watau ta 1 da ta 6 da ta 11, kuma a kansa ne Bluetooth da murhun nan na zamani mai ɗumama abinci suke aiki. Zangon gigahaz 5 ya fi yalwar hanyoyi da sauri, sai dai ba ya ratsa bango kamar na farko.

Wannan ya kawo mu ga dalili na uku, watau ginin kansa. Bango na kankare mai rodi a ciki, da ƙofar ƙarfe, da madubi, duk suna rage ƙarfin saƙon rediyo. Shi ya sa mai ɗakin ƙurya yakan fito baranda da wayarsa a hannu yana neman sa'a. A ƙasashe irin namu kuma akwai ƙarin dalili na ɗaukewar wutar lantarki: duk lokacin da aka koma kan janareta, na'urorin da ba su da batirin ko-ta-kwana sai sun mutu sun sake tashi, abin da kan ci 'yan mintoci.

Wani lokaci ma laifin ya wuce otal baki ɗaya. A ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun lalace a kusa da gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da waɗansu ƙasashen Afirka ta Yamma na kwanaki. A irin wannan hali, faɗa da ma'aikacin otal ba shi da amfani.

5.0 Matsalar Sirri

Jinkiri ɓacin rai kawai yake jawowa, amma rashin sirri yana iya jawo asara. Saƙon rediyo ba ya zuwa ga wanda aka nufa shi kaɗai. Yakan bazu ko'ina, duk na'urar da ke kusa tana iya tsintarsa. Kariya ɗaya ita ce a sakaya saƙon ta yadda wanda ya tsinta ba zai gane ba. Tsarin sakayawa na farko, mai suna WEP, masana sun fallasa rauninsa a 2001. Aka maye gurbinsa da WPA a 2003, sa'an nan WPA2 a 2004, sai kuma WPA3 a 2018.

Otal-otal da yawa ba sa amfani da ko ɗaya daga cikinsu a layin baƙi. Sukan bar shi a buɗe su dogara ga zaure, wanda muka riga muka ce ba ya sakaya kome. Waɗanda kuma suka sa WPA2 da kalmar sirri guda ga kowa, sun yi kamar mai gidan da ya ba duk 'yan haya makulli iri ɗaya ne. Ya hana na waje shiga, amma bai kāre ɗan haya daga maƙwabcinsa ba, domin wanda ya san kalmar, kuma ya tsinci gaisuwar farko tsakanin wata na'ura da tasha, yana iya warware abin da ya biyo baya.

Akwai kuma tashar bogi. Sunan da ke bayyana a waya ba shaida ba ne, don kowa yana iya kunna tasha daga cikin jakarsa ya sa mata sunan otal, ya kwaikwayi zaurensa. Wanda ya shiga, duk abin da ya rubuta a wannan shafi ya faɗa hannun mai ita.

Waɗannan abubuwa sun faru a zahiri. A 2010 wani mai tsara manhaja, Eric Butler, ya fitar da Firesheep, wadda ta nuna cewa ko wanda bai ƙware ba yana iya shiga shafin Facebook na wanda suke tarayya a buɗaɗɗen layi. A watan Mayu 2012 hukumar FBI ta Amurka ta gargaɗi matafiya game da saƙonnin ƙarya da ke fitowa a layin otal suna cewa a sabunta manhaja. A watan Nuwamba 2014 kuma kamfanin Kaspersky ya ba da rahoton wani gungu da ya laƙaba wa suna Darkhotel, wanda ya yi shekaru yana farautar shugabannin kamfanoni a manyan otal-otal na Asiya. Da zarar baƙon da ake hari ya shigar da sunansa da lambar ɗakinsa, sai a miƙo masa sabuntawar ƙarya, idan ya karɓa sai a dasa masa manhajar leƙen asiri mai naɗe duk abin da ya buga.

Adalci ne a faɗi cewa al'amura sun gyaru ƙwarai tun daga wancan lokaci. A yau mafi yawan shafuka, musamman na bankuna da na wasiƙu, suna sakaya saƙonsu da kansu tun daga na'urar mutum har zuwa inda aka nufa, abin da ake ganewa idan adireshin ya fara da https. Saboda haka mai saurare a otal yana iya sanin inda ka je, amma da wuya ya karanta abin da ka faɗa. Haɗarin da ya rage ya fi karkata ga yaudara, watau a sa mutum ya buɗe ƙofa da hannunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

6.0 Shawarwari

Ga matafiyi, abubuwa biyar sun wadatar. Na ɗaya, ya tambayi ainihin sunan tashar daga bakin ma'aikaci, kada ya yi kirdado. Na biyu, kada ya karɓi wata sabuntawa ko manhaja da aka miƙo masa a layin otal; ya yi wannan tun a gida. Na uku, idan na'urarsa ta yi gargaɗin cewa shaidar wani shafi ba ta inganta ba, ya tsaya nan, kada ya ce sauri yake yi. Na huɗu, harkar banki da shigar da sakamakon jarrabawa da duk abin da yake amana ne, ya yi su a kan layin wayarsa, ko kuma ta rufaffiyar hanyar nan da ake kira VPN idan makarantarsa ta tanada. Na biyar, ya kashe raba fayil a kwamfutarsa, kuma ran da zai tashi ya umarci na'urar ta manta da tashar, don kada ta riƙa cafke duk mai irin wannan suna a gaba.

Ga masu shirya taro kuwa, tambayar "kuna da Wi-Fi?" ba ta isa ba. A tambayi megabit nawa ne layin, tasha nawa ce a zauren taro, ko akwai batirin ko-ta-kwana, ko an raba layin baƙi da na ofis, ko kuma an katange baƙi daga ganin na'urorin juna. Haka nan a tabbatar ba za a hana mahalarta amfani da nasu layin ba. A watan Oktoba 2014 hukumar FCC ta ci kamfanin Marriott tarar dala 600,000 saboda toshe tashoshin da mahalarta taro suka zo da su a wani otal da yake gudanarwa a birnin Nashville, alhali yana sayar da nasa layin har dala 1,000 a kan na'ura guda.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda an nuna cewa intanet maras waya ta otal gaɓa uku ce, kuma baƙo ɗaya kawai yake gani daga ciki. An nuna kuma cewa nauyinta da rashin sirrinta duk 'ya'yan tarayya ne. Ba a ce a ƙaurace mata ba, domin amfaninta a fili yake, kuma sau da yawa ita kaɗai ce mafita ga wanda ya sauka a ƙasar da layin wayarsa ba ya aiki. Abin da ake nema shi ne malami ya bambance abin da ya dace a faɗa a dandali da wanda sai an shiga ɗaki, domin abin da ke cikin kwamfutarsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai makin ɗalibai, da tambayoyin jarrabawa, da binciken da ba a riga an buga ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Maganin wannan makanta shi ne tambaya, kuma ina fata tambayoyin da aka jera a sama za su yi mana jagora a tafiye-tafiyenmu na gaba.