Kada Ki Buɗe Bayan Kyamara

'Yar'uwa, kwanan nan sha'awar ɗaukar hoto da kyamarar fim ta kama ni. Fim guda hoto 36 yake ci, ba a gogewa, ba a gani sai an wanke. To, ranar sunan 'yar yayata, garin ɗoki na buɗe bayan kyamara ban naɗe fim ba. Haske ya ƙone shi, har da hoton kakarmu rungume da jaririya. Tsohuwar kuwa ba ta ga wata sallar ba.

In ba ki da haƙurin jiran wanki, nemi ta nan-take, irin Polaroid da Edwin Land ya fara sayarwa a Amurka a 1948. Ta yanzu, Instax, takarda 10 take ci. Ki adana takardun wuri mai sanyi, zafi yana ɓata launi.